Mai Aski da Kawunan da Aka Bari Rabi

Shekara talatin da ɗaya Kawu Mai Aski ya yi a shagonsa na bakin layi, mai kujera ɗaya da madubin da ya tsage ta kusurwa. Yawancin masu zuwa wurinsa yara ne, don shi kaɗai ke iya haƙuri da su. A da sai ya yi ta zuba musu tatsuniya kafin su tsaya cak. Yanzu yaro zai zauna da wayar uwarsa, ya sunkuyar da kai, ko kunnensa aka gutsure ba zai sani ba. Kawu ya rasa ko ya gode wa wayar ko ya tsine mata.

Sai ya shiga tambayarsu: "Wai me kuke samu ne a cikin abin nan?"

Ɗan mai gyaran babur ya ce tana yi masa lissafi.

"To kai me kake yi?"

"Ni nake tambayarta mana, Kawu."

Wani ya ce in ka yi kuskure ba ta kai ƙararka. Autan malamar asibiti kuwa ya ce a ciki yake ganin babansa da ke aiki nesa, har ya nuna masa haƙorinsa da ya fita. Kawu ya ci gaba da askinsa.

Wata Asabar da hantsi 'yar maƙwabcinsa direba, yarinya mai shekara goma sha ɗaya, ta jawo ƙanenta sanye da hular sanyi, ga rana ta fara zafi. Kawu ya cire hular, ya yi salati. Gefe ɗaya tas, ɗaya gefen kamar ɓera ya kwana yana ci.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Ni ce. A waya na koya, da injin Baba. Sau huɗu na kalla."

"Ga shi kuwa ta koya miki!"

"Ba laifinta ba ne, Kawu. Mutumin ciki hannunsa na rufe wurin. Amma ko sau ɗari ka mayar da shi baya ba ya tsaki."

Ta roƙi ya bari ta ɗauki bidiyon hannunsa da waya yana gyarawa. Kawu ya ga ba abin ƙi ba ne. Har ya rage sauri, yana nuna mata yadda ake lanƙwasa kunne da yadda ake bin kwanciyar gashi. Ya daɗe bai ji daɗin aiki haka ba.

Bayan kwana uku ta leƙo da murna. "Kawu, duk 'yan ajinmu sun gan ka! Sun ce ka fi na waje iyawa. Yanzu ba sai kowa ya zo nan ba."

Kawu ya tsaya riƙe da almakashi. "Yabona kike yi, ko korata?"

"Yabo mana," ta ce, tana mamakin tambayar.

Makon nan bai ƙare ba sai da iyaye mata biyar suka kawo masa yara cikin hula, kowace na faɗa, wata ma ta ce shi ya ɓata mata ɗa. Ya gyara kawunan duka. Yaran kuwa kallonsa suke da girmamawa, ɗaya har ya taɓa hannunsa ya ce, "Shi ne fa, wallahi!"

Da ya koma gida ya kwashe labari ya faɗa wa matarsa, ya tambaye ta ko ci gaba ya samu ko ci baya. Ta ce ita ma ta gani, jikarsu ta nuna mata, kuma rigar da ya sa ba ta da maɓalli ɗaya.

Washegari yarinyar ta dawo da ƙawaye biyu, wai ana son kashi na biyu. Kawu ya buɗe baki zai ce a'a, ya dubi fuskokinsu, sai ya ji kansa yana tambaya ta wane gefe haske ya fi kyau.