Dutsen da Ke Ƙarƙashin Gidan Sama'ila

Duk wanda ya sha ruwan rijiya tsakanin Wanke da Bilbis, da wuya a ce bai sha gumin Sama'ila ba. Wurin mahaifinsa ya gaji haƙa, a rami ya yi samartaka, a rami furfura ta same shi, har abokan wasa na tsokanarsa wai ya fi sanin cikin ƙasa a kan fuskar surukansa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga taurin kai na bugawa a jarida. In ya ɗanɗana ƙasa ya ce akwai ruwa, sai kawai a nemi guga.

Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, ya kwaso matarsa Wasila da jikoki suka yo ƙasar Bungudu. Mai unguwa ya ba su fili a gefen gari, inda ake hango Dutsen Kwatarkwashi tsaye ƙerere. Wurin ba ruwa. Mata ke haɗuwa su tafi gulbi can bayan gonaki, su tona yashi su cika jarkoki. Maza ba sa bin hanyar, don duk namijin da aka gani a can, tasa ta ƙare. Mata a da ana ƙyale su, amma tun shigowar rani an ɗauke biyu, har yau ba labari.

Abin ya tsaya wa Sama'ila a rai. Shi da ya shayar da garuruwa, a ce matarsa ce ke sayar da ranta kullum saboda ruwan tuwo? Ya ɗauki diga ya fara haƙa a tsakar gidansa. Jar ƙasa ta wuce, marmara ta wuce, bai yi wani nisa ba diga ta yi tsalle ta kusa fasa masa goshi. Dutse ne, fari mai ɗigon baƙi, shimfiɗe bango zuwa bango.

Bai razana ba, don ya san maganinsa tun daga mahaifinsa. Ana tara itace da tsohuwar taya a kan dutsen, a cinna wuta ta ci har ya yi zafi jau, sannan a sheƙa masa ruwa mai sanyi. Sai ya yi ƙara ya tsage, a bi da guduma a kwashe. A garuruwan da ya yi aiki, ruwan sheƙawa ba abin tunani ba ne, tsohuwar rijiya na kusa. A nan kuwa kowace jarka a kan Wasila take zuwa. Tafiya ɗaya da take yi ta koma biyu.

Ana haka wani mai auna ƙasa, Mahadi, ya zo unguwar duba inda za a iya yin burtsatse. Ya leƙa ramin, ya karɓi ɓarin dutsen ya jujjuya, ya tsuguna kusa da Sama'ila.

"Baba, wannan da Dutsen Kwatarkwashi jikinsu ɗaya," in ji shi. "Ƙasar da muke takawa ba guda ba ce, ɓari-ɓari take kamar fasasshiyar ƙwarya, kuma ɓarin suna motsi a hankali, da ikon Allah. Tun kafin a yi ɗan Adam wasu suka yi karo a nan, dutse ya narke a ƙasa ya taso, ya daskare. Duwatsun Tsafe da wancan, kawunansa ne. Kai a kan bayansa kake zaune."

"To ina ƙarshenai?" Sama'ila ya tambaya.

"Ba ka kai masa da diga, Baba. Ruwa sai inda motsin ya bar tsaga, kuma ban ga alamarta a layin nan ba. Ko injinmu ba zan kawo nan ba."

Sama'ila bai ƙaryata shi ba, don hannunsa ya riga ya faɗa masa haka, kowane ɓari da ya ɗaga, na ƙasansa ya fi shi tauri. Amma in ya yarda, me ya rage? Burtsatsen ba a san ranar zuwansa ba, komawa gida ba hali. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da wata rijiya ta taɓa ruftawa da shi.

Washegari ya ƙone sauran itacen gidan har da ƙyauren kara. Ya sheƙa jarkar da ta rage, wadda aka ajiye don sha. Dutsen ya yi ƙara kamar bindiga. Da hayaƙi ya lafa ya sauka, idanu na zubar da hawaye, ya share toka da tafin hannu. Ga wata siririyar tsaga ta ratsa tsakiya, ta yi ƙasa, ba kamar na baya masu ɓarewa a sama ba. Ya kara kunci a kanta. Ya ji kamar sanyi, ko kuwa zuciyarsa ce ta so ta ji, Allah kaɗai ya sani.

Ya fito da sauri. Wasila na zaune a inuwa, ƙaramin jikansu ya kwanta a cinyarta, leɓensa a bushe.

"Ta buɗe," ya ce. "Wuta guda ta rage, in Allah ya so. Ruwa nika so."

"Malam, yau ba mai zuwa gulbi," ta ce a hankali. "An ga babura da sahe. Mata duk sun ce sun hwasa."

Ya san abin da ya kamata ya ce. Ya dubi ramin, ya dubi yaron.

"Jarka guda," ya ce, bai iya kallon idonta ba.

Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta zame kan yaron ta ɗora a tabarma, ta gyara ɗaurin zani, ta naɗa gammo. Ta ɗauki jarkar ta fita ita kaɗai, ba ta waiwayo ba.

Sama'ila ya tsaya a bakin ramin da ashana a hannu. Sai a lokacin ya tuna ba sauran itace a gidan.