Layin Da Na Ƙara A Jarida

Malam Edita, lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa a Illela, zamanin mulkin Turawa, sa'ad da masu karatun boko a garinmu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Na yi elemantare a Sakkwato na dawo gida, kullum alƙalami soke a aljihun gaba, ko ba ni da abin rubutawa. Akwai jaridar Hausa da ke zuwa mana cikin jakar masinja, wani lokaci sai ta kwana goma a hanya. Ni ke karanta wa jama'a ita ranar kasuwa, a gindin wata tsamiya kusa da kara, inda ake cinikin shanu. Fatake daga tsallaken iyaka, ƙasar da Faransa ke mulka, manoman Tozai da Garu, dillalai, kowa sai ya yi tsit. Abin da na ce takarda ta ce, to shi ta ce, don babu mai iya duba ni. Burina ɗaya ne a duniya: jaridar nan ta ɗauke ni wakilinta, in riƙa aika mata labaran ƙasarmu ana buga sunana.

Ina da aboki tun makarantar allo, ɗan gidan masu fataucin fata. Ni na koya masa boko, da tsinke a kan rairayi, kuma rubutunsa kamar kaza ta yi tono. Amma yana da haƙurin da ban da shi. Sai ya wuni tare da mutane yana saurare, ba ya rubuta abu sai ya ji daga baki biyu, sannan ya taka ya je ya gani. Ni kuwa a ɗaki nake zama in ƙago manyan kalmomi. Na aika wasiƙu har na gaji, ko ɗaya ba a buga ba. Shi ya aika ɗaya tak, a kan ƙwarin da suka faɗa wa gero a Darna Sabon Gari, aka buga, da sunansa a ƙasa. Kuma da bakina na karanta sunan nan a gaban jama'a. Na yi masa murna, amma wallahi a fuska kawai. Bayan wata kaɗan aka aiko masa takarda cewa shi ne wakili. Mutanen da a da ke kirana in karanta musu wasiƙa suka koma tsayawa a ƙofar gidansu. Hassada ta kama ni, ba zan sakaya ba. Kullum ina ce wa kaina, ni da na koya masa riƙe alƙalami?

Akwai wani babban dillalin shanu, dattijo mai mutunci, wanda ya haƙa rijiya a bakin kara don dabbobin baƙi su sha. Abokina ya rubuta labarin, yabo ne daga farko har ƙarshe. Ranar da jaridar ta iso ya tafi Garu neman labari, dattijon kuwa yana zaune a gabana, an shimfiɗa masa buzu, yana jiran ya ji sunansa. Na karanta daidai har na kai ƙarshe. Maimakon in tsaya, sai na ci gaba da murya ɗaya, idona a kan takarda, na ce wakilinmu ya ji ana cewa an haƙa rijiyar ne don Bature ya gani ya ba mai ita sarauta. Ban shirya maganar daga gida ba, amma ta fito sumul kamar an buga ta. Dattijon ya tashi, ya naɗe buzunsa da kansa, ya tafi.

Washegari ya sa aka kira mu zaurensa, mu biyu, gaban manyan kasuwa. Ya tambayi abokina mi ya yi masa da zai tozarta shi har Kano da Zariya su ji. Abokina ya rantse bai rubuta haka ba, ya karɓi jaridar ya karanta daga farko har ƙarshe, babu layin. Wani ya ce ai dole ya tsallake, tunda shi ake tuhuma. Aka miƙo mini aka ce in sake karantawa. Nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita, da na ce idona ne ya yi kuskure da an wuce wurin. Na sake karantawa, na sake ƙara layin. Abokina bai ce ni maƙaryaci ne ba. Ya matso kusa, ya ce in nuna masa wurin da yatsa. Na ɗora yatsana a kan wani layi mai maganar farashin gyaɗa. Ya dubi layin, ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya sa takalmansa ya fita.

Ba a kore shi daga aiki ba, mutane ne kawai suka daina ba shi labari. In ya zauna a majalisa sai a sauya hira. Wakilin da ba a gaya masa komai kuwa ba shi da abin aikawa. Kafin damina ya bar garin, ya ƙetara iyaka zuwa Ƙonni wajen dangin uwarsa. Na rubuta na nemi gurbinsa, aka ba ni. Sai na tarar da abin da na shuka: jama'a sun riga sun yarda jarida abin cin mutunci ce, ni ma babu mai gaya mini ko haihuwar akuya. Ban yi shekara ba na ajiye.

Sai da furfura ta fito mini na iya zuwa Ƙonni. Na same shi a rumfarsa cikin fatu, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce ya yafe tun tuni, har ya sa aka kawo mini fura. Na tambaye shi ko yana ɗan rubuce-rubuce. Ya ce tun ranar zauren nan bai ƙara riƙe alƙalami ba, ko wasiƙa zai aika sai ya ba wani ya rubuta masa.

Shi ya sa nake kira ga matasa masu sha'awar aikin jarida da rediyo. Ku koyi saurare kafin ku koyi kalmomi, ku taka ku je ku gani. Za a buga sunan wani kafin naku, wataƙila wanda kuka fi shi karatu; in zuciya ta yi zafi, ku je ku tambaye shi yadda yake yi. Kuma ku sani mai sauraronku ba shi da hanyar duba ku, amana ce ya ba ku. Ni na ci tawa a layi ɗaya, ƙasarmu ta rasa mutumin da ya fi kowa iya ba da labarinta, kuma har dattijon nan ya rasu bai san yabo zalla aka yi masa ba.