Hancin Sifana

A garejin bakin titi kowa Sifana yake kiransa, har matarsa idan ta so tsokana. Tun yana saurayi yake kwanciya ƙarƙashin motoci, bai taɓa jin kunyar baƙin mai ba. Idan an tashi aiki ya wanke hannu da fetur, ya bi da sabulun wanki, shi ke nan.

Hancinsa ne ya gagara. Wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun yi zaman dirshan a kai, shi kuwa ya sakankance baƙin mai ne ya nutse cikin fata. Bai damu ba, sai da autarsa ta zo da albishir: za a ba ta kyauta a makaranta, kuma da mahaifinta za a ɗauki hoto.

Ya tsaya gaban madubin wata mota, ya jiƙa tsumma da fetur, ya dirji hancin. Washegari ya ƙara da soson kwanuka. Hanci ya kumbura ya yi jawur, ɗigon na nan daram.

"Ni ba za ni ba," ya ce wa matarsa. "Kar a ce uban yarinyar nan ƙazami ne."

Ita kuwa ta kira ƙanwarsa, wadda take aikin jinya. Ƙanwar na ganinsa ta riƙe baki.

"Yaya, hanci ne ko kafireton mota?"

"Ke, ban son shaƙiyanci. Datti ne ya ƙi fita."

"Ba datti ba ne. Maiƙon jikinka ne da matacciyar fata suka toshe ƙofofin gashi. Iska ce ke taɓa bakin ya yi baƙi. Kai da dirzar nan tsokano shi kake yi."

Ta hana shi matsa, ta hana shi fetur. Ruwan ɗumi, sabulu marar zafi safe da yamma, sai wani man shafawa daga kemis, da haƙuri.

Ranar taro kumburin ya sace, ɗigon dai da saura. Ya hau dandamali yana sunkuyar da kai. Shugaban makaranta ya miƙo hannu, mutum fes-fes, mai ƙamshin turare. Sifana ya ɗago, sai ga irin ɗigon nan jere a hancin shugaban, har sun fi nasa yawa.

"Baba, kalli nan!" auta ta ja hannunsa, tana nuna mai hoto.

Ya saki ajiyar zuciya, ya miƙe wuya, ya washe baki.