Yadda Tawali'u Ya Cinye Mini Kujera

A zumuntar mata ta majami'armu da ke Tarauni, ba a karɓar shugabanci da gaggawa. In an ambaci sunanki, sai ki sunkuyar da kai ki ce ba ki isa ba. A sake roƙonki, ki sake ƙi. A karo na uku ne ake karɓa, da fuskar wadda aka yi wa dole. Kowa ya san lissafin, har kurma.

Ni kuwa ina son kujerar nan, so na haƙiƙa. Har ɗankwalin da zan ɗaura ranar na goge na ajiye.

Abin da ya cuce ni wa'azin fasto ne na safiyar zaɓen. Ya ce rigingimunmu daga son zuciya suke fitowa, mai ƙasƙantar da kansa kuma Allah ke ɗagawa. Na ji, na ga dama ta samu: zan zama shugaba, kuma in fi kowa tawali'u a rana ɗaya. Da aka roƙe ni na uku, sai na ƙara ƙi, ina jiran na huɗu.

Ba a yi na huɗu ba. Tsohuwar da ke jan taron ta share hawaye ta ce, "'Yata, ba za mu matsa miki ba." Aka ambaci aminiyata, maƙwabciyata a Gyadi-Gyadi, wadda kullum adaidaita ɗaya muke hawa. Tun ba a rufe baki ba ta ce, "Na karɓa."

Wata uku ina gaishe ta da hanci. Na koma tafiya majami'a ni kaɗai. Fasto kuma ya mai da ni misali a wa'azi, mata suna juyowa suna kallona da sha'awa.

Wata Asabar aminiyar tawa ta shigo gidanmu ina wanki, ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna.

Na ce, "Ai kin san ina so."

"Na sani mana."

"Kuma kika karɓe? Ko kara babu?"

Ta ɗauki zanena ɗaya daga baho ta matse. "Ni ma so nake. Sai na ga in na yi ƙarya a gaban Allah don a ce ina da tawali'u, zunubin ya zama biyu."

Kunya ta kama ni har wuya. Sai na ce mata ba haka ake matse atamfa ba.