Malam Lawal, wanda ya hana ni ba matata jinina

Ina cikin auna wa wani gero da safen nan aka kira ni, wai Malam Lawal mai gwajin jini ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Allo ɗaya muka yi da shi a Kurfi. Ya yi boko ya kama aiki a wani asibiti a Dutsin-Ma, ni na kama awo. Amma bai taɓa wuce rumfata bai tsaya ba, ya damƙi wake ya ce tsakuwar ta fi waken yawa.

A haihuwa ta huɗu da matata Hajara ta yi, jini ya ɓalle mata. Muka kwaso ta daga garinmu Barkiya zuwa asibitin da Malam ke aiki, likita ya ce sai an yi mata ƙarin jini. Nan take na naɗe hannun riga. Mu a wajenmu miji ke fara bayarwa, abin kunya ne matarka na kwance ka tafi neman na wani. Kuma rukunin jininmu ɗaya.

Malam ya ɗiba, ya haɗa da nata, ya duba. Ya fito ya ce, "Isuhu, naka ba zai shiga ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Malam, jinin mijin nata?"

Ya zaunar da ni a benci. Ya ce, "Cikin da ta yi ta ɗauka, jinin 'ya'yanka ya ɗan tsallaka cikin nata. Jikinta ya ɗauke shi baƙo, ya tanadi abin da muke ce wa antibodi. Naka na shiga za su manne wa ƙwayoyinsa, kamar jan fentin da ake shafa wa gidan da za a rushe. Masu rusau ɗin kuwa suna jinin kowa, kwamfilimen sunansu. Na farko ya ga alama sai ya tada na biyu, na biyu ya tada na uku, su taru su huda ƙwayar, ruwa ya shiga, ta fashe. Fitsari ya koma kamar zoɓo, ƙoda ta tsaya. Su ba su san miji ba."

Ya gwada na ƙannena, bai yi ba. Ya hau babur ɗinsa ya ɗauko wani bawan Allah daga Karofi, nasa ya dace. Ina wajen Hajara mutumin ya bayar ya tafi, ko fuskarsa ban gani ba.

Yanzu Hajara na da wani cikin, tana watan haihuwa.

Juma'ar da ta wuce muka haɗu bayan masallaci. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ka yarda ta haihu a gida. Naƙuda na farawa ka kira ni, na yi magana da mutumin nan na Karofi, yana jira."

Ban tambayi sunansa ba. Me zai sa in tambaya, ga Malam?

Tun jiya take cewa bayanta na ciwo. Ban gaya mata rasuwar ba, ban san ta inda zan fara ba. Abokan aikinsa sun ce za su nemi jinin da ya dace, amma sai an yi ta gwaji. Tsoro nake ji, wallahi.

Bawan Allah na Karofi, in wannan ya iso gare ka, Malam ya tafi, mu kuma muna nan muna jiranka.

Allah Ya jiƙan Malam Lawal, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. In kun ɗaga hannu, kada ku sauke sai kun sa Hajara.