Wadda Ta Zaɓa Wa Marayu Maƙwabta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha biyu ga watan Agusta, Allah ya karɓi ran Hajiya Lauratu mai gidajen haya a Tasawa, bayan jinyar da ta yi tun farkon damina. Ƙanwar mahaifiyarmu ce, Inna muke ce mata, kuma da wannan sunan zan yi mata magana yau.

Inna, lokacin da yayana Bube ya rasu a Kanan-Bakashe, ya bar matarsa Maryamu da yara ƙanana da garken shanu. Makiyaya ta ƙuntata, ɓarayi sun yi yawa, sai dangi suka ce a sayar da garken a sayi gidan haya a gari, aka ɗora mini amanar. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Dukiyar marayu ce, in ta salwanta ba su da wata.

Na samo gida a sabuwar unguwa kusa da kwalta, ginin siminti, ƙofar ƙarfe, fenti yana ta ƙyalli. Na zo miki baki har kunne. Kika bar ni na gama yabonsa, sannan kika ce, "Ka gan shi da rana. Ka gan shi bayan ruwa?"

Haka muka jira har aka yi ruwa mai ƙarfi. Kika tattare zani, kika bi gindin katanga kina dubawa, kika nuna mini shatar danshi har gwiwa a ƙarƙashin sabon fentin. Daga nan kika yi sallama a gidan da ke kusa, kika roƙi ruwan sha, kika tambayi matar gidan sunan maƙwabciyarta. Ba ta sani ba.

"Sama'ila, ɗan haya baƙo ne," kika ce mini. "In matatai ta kama naƙuda shina wurin aiki, wa za ta kira? Kwashe kaya za su yi, su bar ka kana gadin ɗakuna."

Na yi ta gunaguni a hanya, kina yi mini dariya, kina cewa fenti ya tafi da hankalin ɗan Fulani. Kika kai ni wata tsohuwar unguwa a kan tudu, lungu matsattse, gidan ƙasa da shafen siminti. Kafin mu zauna an kawo mana ruwa. Wani dattijo ya faɗa mana ɗakin da azararsa ke son canji, ba tare da mun tambaya ba. Muna nan har yamma, muna ganin kwanonin tuwo suna fita daga wannan gida suna shiga wancan. A nan kika ce in saya.

Wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, mai suna Rayyanu, shi ya fara shiga haya. Matarsa ta haihu a hannun matan unguwa, kuma da aka canza masa wurin aiki, da kansa ya kawo wanda zai gaje shi. Ɗakunan nan ba su taɓa zama ba kowa ba. Wancan gidan mai fenti kuwa, katangarsa ta baya ta zube a wata damina. Da na zo ina ba ki labari da murna, kika tsawata mini, kika ce wani bawan Allah ne ya yi asara, in yi masa addu'a.

Ba ki da sanyin baki, Inna, kowa ya sani. Ɗan hayar da ya kwarara ruwan wanki a kan hanya ya sha faɗa. Amma kafin kowace damina ke ce kike zagayawa da magini, kina duba rufi da indararo, don kada ruwa ya sami ɗan wani a kan shimfiɗa.

Da hayar gidan nan Shamsiyya, babbar ɗiyar Bube, ta yi karatun jinya. Ita ce ta riƙa yi miki allura a ciwonki na ƙarshe, kina tsokanarta wai hannunta ya fi na ubanta nauyi. Duk sanda na tuna wannan, sai hawaye su zo mini.

Ranar da muka kai ki, an yi ruwa da safe. Na tsinci kaina ina duba inda ruwa ya kwanta a maƙabarta, na ga kabarinki a kan tudu yake, na ji sanyi a raina. Sai na tambayi masu haƙa, su wa ke kwance dama da hagu? Suka faɗa mini sunayensu. Mutanen unguwarku ne, duk kin san su.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki Ashiru, Zulaihatu da Safa, da jikoki, da 'yan hayarki da suka zauna makoki kamar dangi. Allah ya ba mu haƙuri. Allah ya jiƙan ki, Inna, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Kin zaɓa wa marayu maƙwabta na gari, Allah ya zaɓa miki waɗanda suka fi su. Amin.