Sallamar da Baba Malam Bai Yi wa Ado Ba

Kano, Asabar, 5:40 na asuba

Masu tambayar ina na shige ranar Asabar ban fito zagayen kekenmu ba, ga labarin. Ana idar da sallar asuba na turo kekena zuwa soro. Kakana, Baba Malam, yana zaune a kan buzunsa. Idonsa ya tafi shekara uku ke nan, ƙafa ma sai da sanda, amma kunne ras.

"Nazifi, ka ɗaura ƙararrawar?"

"Na ɗaura. Duk ta ɓata min keke."

"Keken da ba shi da kariyar ɗora kaya har wani keke ne?"

Bari in yi muku bayani. Baba Malam ya koyar a firamaren wani ƙauye gaba da Toranke, tun ana kashe sule da kwabo har shekarar da naira ta fito. Duk ƙarshen mako a keke yake komawa gida Gaya. Kafin ƙauyen akwai rafi, shi kuma bai iya ruwa ba. In damina ta yi sai ya tsaya a gaɓa ya kaɗa ƙararrawa sau uku, wani manomi sa'ansa mai suna Ado ya baro gonarsa, ya ɗora keken a ka, Baba Malam ya riƙe masa riga su haye. Shekara shida suna haka. Ana cikin dogon hutu takardar canjin wurin aiki ta same shi a Gaya, ya wuce Kano, bai sake komawa ba.

Tun da idon ya tafi ba shi da zance sai "ban yi wa Ado sallama ba." Shi ne na ce zan je. In Ado na da rai in ba shi ƙararrawar tsohon keken Baba Malam in isar da sallamar, in ya rasu in nemi kabarinsa.

Har na kai ƙofa ya ce, "In ka ga manya a zaune, ka sauka." Na ce to, ina duba cajin wayata.

Kano zuwa Gaya

6:15 bas ta tashi. Direba ya ɗaure keken a sama ya karɓi kuɗin mutum biyu, wai shi ma fasinja ne. Dab da gadar Wudil aka tsayar da mu, wani jami'i ya kalli hular kwanona ya kalli keken ya ce, "Tsere za ka ko gudun hijira?" Na ce aike. 7:45 muna Gaya. Na sha koko da ƙosai a bakin tasha, na cika gora biyu da ruwa.

Gaya zuwa Ajingi

Na ƙi bin kwalta, na bi hanyar gona yadda Baba Malam ya kwatanta. Taswirarsa duk bishiyoyi ce: kuka mai rami, ɗorawa biyu da suka haɗa kai, sai gangare. Kukar tana nan. Ɗorawa ɗaya ta rage.

Jama'a, ban san akwai shiru irin wannan ba. Minti arba'in ban ji hon ba. Dawa ta fi ni tsawo hagu da dama, ana cirar gyaɗa, ƙamshin ɗanyar ƙasa ko'ina. Hanya ta hau jigawa, ta gangara kwari inda iska ke da sanyi, ta sake hawa. Baba Malam ya ce a zamaninsu daga Gaya har Ajingi jakuna kawai yake gamuwa da su, sai babbar mota guda ranar kasuwa, kuma daga nesa kake jin ta ka ba ta hanya. Ni na gamu da babur huɗu da amalanken shanu. A wani tudu yashi ya kama min taya na sauka ina turawa ina haki, giyar kekena ashirin da ɗaya ba ta yi min komai ba. Shi da baƙin kekensa mara giya, ga buhun littattafai a baya, ga babbar riga. Na tsaya a kan tudun ina kallon gonaki har ƙarshen ido, na ji kewar wani zamani da ban ma taɓa gani ba.

10:55 na shiga Ajingi, waya ta nuna kilomita ashirin da shida da duk kewaye-kewayena. Ƙaya ta huda tayar baya, mai faci ya gyara yana mita wai tayar tsiririya ce kamar taliya. Na sha fura, na kama hanyar Toranke.

Gindin tsamiya, 12:30

Gaba da Toranke na iso rafin. An yi masa kwalbati, na haye cikin daƙiƙa biyar. A bakin ƙauyen ga wata tsamiya, dattawa huɗu a kan tabarma suna ɓarar gyaɗa. Na ɗaga musu hannu na wuce fiu, abin jin waƙa a kunnena. Ciki hanya ta rabu uku, ban san wacce ba, na dawo. Na taka birki a gabansu, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a feda.

"Sannunku. Don Allah gidan Ado nake nema."

Wani siririn tsoho mai farin gemu bai ko ɗago ba. "Wane Adon? Muna da Ado mai rake, Ado kurma, Ado na Hajara."

"Wanda yake haye da mutane rafi."

"Rafi ai ga gada nan. Hala ba ka gan ta ba saboda sauri."

Sauran suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wani ya ce, "Bar shi, jirgi ne, bai gama sauka ba."

Sai maganar soro ta faɗo min. Kunya ta rufe ni. Na sauka, na jingine keken nesa da tabarma, na cire hula da takalmi, na durƙusa na yi sallama daga farko. Suka amsa kamar yanzu na iso. An tambayi hanya, an tambayi mutanen gida, an tambayi ruwan bana a birni, aka turo min ƙwaryar ruwa. Sannan mai farin gemun ya ce, "To samari, daga ina?"

"Daga Kano, Baba. Jikan Malam Garba ne ni, wanda ya koyar a nan."

Hannunsa ya tsaya a cikin gyaɗar. Ya dube ni sosai.

"Garba bai taɓa wuce tsamiyar nan a kan keke ba. Ko ba kowa a gindinta sai ya sauka." Ya ajiye gyaɗar. "Yana nan?"

"Yana nan. Ido ne babu."

"Da ma can ba ganin kirki yake ba. Ni ne Adon."

Na kwance ƙararrawar na miƙa masa da hannu biyu. Ya juya ta, ya kaɗa sau uku. Ya ce da aka koma makaranta bayan hutun nan, ruwa ya cika rafi, ya yi sati yana noma kusa da gaɓa yana saurare. Wani sabon malami ne ya zo, a ƙafa. Ba wanda ya gaya wa Ado komai.

Na gyara durƙuso na ce, "Baba, aiken da aka yi min ke nan. Ya ce ka yafe masa, ya tafi bai yi maka sallama ba. Ya ce in yi maka."

"Ban karɓa ba."

Na ɗauka fushi ne. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga min hannu.

"Da ya tafi cewa ya yi sai an dawo hutu. In na karɓi sallama ya tafi ke nan. Ƙararrawa dai na riƙe."

Ba sabis a wurin, kira ya ƙi shiga. Na kunna ɗaukar murya na ce ya faɗa da bakinsa. Ya riƙe wayar nesa da fuska kamar za ta cije shi, ya maimaita, ya ƙara da cewa, "Garba, an yi gada, yanzu ko kai za ka iya hayewa. Jikanka kuma sai ka ƙara masa karatu."

A zaurensa na kwana. Tuwon dawa miyar kuka da man shanu, na yi ƙari ba kunya.

Lahadi, komawa

6:30 na safe Ado ya rako ni har kwalbati da ƙullin ɗanyar gyaɗa. Ba kariya, dole na cusa a jakar baya. Ya ce, "Ka ga amfanin keken mutane." Ban hau ba sai da ya juya. Ajingi 8:10, na sami bas mai zuwa Kano kai tsaye, 11:20 ina ƙofar gida.

Baba Malam yana inda na bar shi. Bai tambayi ko Ado na da rai ba, da alama tsoron amsar yake ji.

"Ka sauka?"

"Na sauka. A karo na biyu."

Na zuba masa gyaɗar a cinya, na kunna muryar. Ya saurara kansa a sunkuye. Da aka zo wurin gada ya yi dariya har da tari, ya sa gefen rawani ya goge ido. Ya ce in sake kunnawa. Sau huɗu muka ji.

Can ya ɓare gyaɗa ɗaya ya tauna, ya ce, "To. Ashe har yanzu hutu nake."

Alhamdu lillahi da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa mai facin Ajingi, da dattawan gindin tsamiya da suka bari na sake sallama. Baba Malam ya ce in tambayo masa ko mota tana iya kaiwa har kwalbatin nan. Na ce masa tana kaiwa.